Kifin Zinariya A Akwatin Gilashi: Haƙƙinsa Da Yadda Ake Kiwonsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da koguna a cikinta, ya sanya wa kowace halitta mazauninta da abincinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wani abin ƙawa da ya shigo birane a wannan zamani, watau ajiye ƙananan kifaye masu launi a cikin akwatin gilashi. A da sai a manyan masaukan baƙi da ofisoshi ake ganinsa, yanzu kuwa ya kai gidajen attajirai da kantunan 'yan kasuwa. Wanda aka fi sani cikin kifayen nan shi ne wanda ake ce wa kifin zinariya, saboda launinsa da ke tsakanin ja da ruwan ɗorawa. Kallonsa yana sanyaya rai, yara kuwa ba su gajiya da shi. Amma da yawa daga waɗanda ake saye ba su yin wata guda a gidan da aka kai su.

Ga yadda abin yakan kasance. Mutum ya ga kifin a kanti ya ba shi sha'awa, ko yaransa su dame shi da roƙo. Sai ya sayi akwati da kifi biyar ko shida a rana ɗaya, ya cika akwatin da ruwan famfo, ya juye su a ciki. Kwana biyu na fari gida ya cika da murna, kowa ya zo wucewa ya barbaɗa musu abinci. Kafin mako ya kewayo sai a ga kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, fukafukansu a tsuke. Yau ɗaya ya mutu, jibi wani ya bi shi. Maigida ya leƙa ruwan ya gan shi garau, ba datti ba wari, sai ya ce lalle marasa lafiya aka sayar masa. Mai kanti ya rantse lafiyayyu ya bayar. Tsohuwar gida ta ce bakin mutane ne. Alhali kuwa, a mafi yawan lokaci, ruwan ne ya kashe su, abin da ya ɓata ruwan kuma ido ba ya ganinsa. Wanda zai ajiye kifi ya sani cewa ruwa zai yi kiwo. In ruwa ya gyaru kifi ya zauna lafiya.

Asalin Kifin

Kifin nan ɗan ƙasar Sin ne. Kakansa wani kifin tafki ne mai launin toka da ɗan kore, wanda mutanen can suke kamawa su ci. Sai dai lokaci lokaci Allah yakan fitar da ja ko rawaya a cikin dubbai, kuma littattafan Sinawa sun ambaci irin waɗannan tun zamanin daular Jin, tsakanin ƙarni na 3 da na 5 na Miladiyya, watau tun kafin aiko Manzon Allah. Masu bin addinin Buda a can suna da tafkuna a wuraren bautarsu inda suke sakin dabbobin ruwa don kada a ci su, sai jajayen kifayen nan suka sami mafaka a ciki suka yi ta hayayyafa. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, aka shiga kiwonsu a tafkunan sarakuna da manyan gari. A zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, ajiye su a manyan kasake na yumɓu da na tangaran masu faɗin baki ya yaɗu, ana kallonsu ta sama. A nan ne masu kiwo suka riƙa zaɓen wanda ya fita daban suna haɗa shi da irinsa, kamar yadda makiyayi yake zaɓen bijimi, har aka sami mai wutsiya biyu, da mai ƙwala-ƙwalan idanu, da mai dunƙulallen jiki kamar ƙwai.

Daga Sin ya ƙetara Japan, daga baya ya isa ƙasashen Turai ta hannun fatake masu jiragen ruwa. Akwatin gilashi kuwa Turawan Ingila ne suka yaɗa shi. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa ƙananan kifayen zinariya biyu a mazubin gilashi tare da ciyawar ruwa. Da ganyen ciyawar ya fara ruɓa ruwa ya gurɓace, sai ya ƙara dodon koɗi a ciki, suka cinye abin da ya ruɓe, ruwan ya washe. A 1853 kuma aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na birnin Landan.

Kifin zinariya ba mai gajeren kwana ba ne. In an kula da shi yakan yi shekara 10 zuwa 15, wani ma ya wuce 20. A Ingila an yi wani da aka samu a 1956, bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43. Ajali na Allah ne, amma an umarci bawa da riƙon sababi. Wanda nasa ya mutu cikin mako biyu ya tuhumi kiwonsa kafin ya tuhumi kifin.

Hukuncin Tsare Shi

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu don sha'awa, hujjarsu kuwa labarin Abu Umairu ne, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, ya yi baƙin ciki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarin tsuntsun don ya lallashe shi, bai kuwa tsawata a kan ajiyarsa ba. Malaman wannan zamani sun yi ƙiyasin kifin ado a kan haka. Amma halaccin yana da sharaɗi, shi ne a ciyar da abin da aka tsare, kada a cutar da shi. Gama ya tabbata a cikin Buhari da Muslimu, daga Abdullahi ɗan Umar, labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta, ta hana ta abinci, ta hana ta fita, har yunwa ta kashe ta. Shehu Halilu kuma ya ambata a cikin Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya.

To, a dubi halin kifi a cikin gilashi. Akuya in an manta da ita takan yi kuka har a ji. Kaza takan tona ƙasa. Kyanwa takan haura katanga. Kifi kuwa ba shi da murya, ba shi da ƙafa, ba shi da makiyaya. A ruwan nan yake ci, a nan yake numfashi, a nan yake kashi da fitsari, ba ya kuwa da ikon matsawa gaba in wuri ya ɓaci kamar yadda zai yi a kogi. Saboda haka haƙƙinsa a kan mai shi bai tsaya ga abinci ba, ya haɗa da ruwan da zai rayu a ciki. Masana ma sun gwada sun ga ba dabba ce marar tunawa ba kamar yadda ake faɗi: yakan gane lokacin abincinsa, yakan koyi alama ya riƙe ta watanni.

Gubar Da Ido Ba Ya Gani

Ɗalibi tun yana karanta Ishmawi yake koyon cewa ana duba ruwa ta fuska uku: launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. Wannan ma'auni ne na tsarki, daidai yake a babinsa. Amma lafiyar kifi wani babi ne daban. Ruwa yana iya zama garau, ba abin da ya sauya cikin siffofin nan uku, alhali yana ɗauke da abin da zai halaka kifi.

Bayanin haka shi ne, Allah ya yi wa kifi wani jan nama mai kama da mataji a ƙarƙashin marfin kumatunsa, shi ne mashaƙarsa. Da shi yake tsotso iskar da rai ke bukata daga cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijin, ta nan kuma yake fitar da mafi yawan ƙazantar jininsa. Ƙazantar nan ita ce amoniya, watau sinadarin nan da ke sa zarni a makewayi. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa mai yawa yakan tafi da ita, a akwati kuwa taruwa take yi. Tun ba ta kai yawan da hanci zai ji ba ta isa ta ƙone mashaƙar kifi. Ruwa in ya yi zafi kuma dafinta ya ƙaru.

Daga cikin hikimar Ubangiji, ya halicci wasu ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, ana kiransu bakteriya, waɗanda amoniyar nan ita ce abincinsu. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky shi ya ware su ya bayyana aikinsu wajen shekarar 1890. Irinsu ne a cikin ƙasar gona suke mai da taki ya zama abincin shuka. Ƙungiya biyu ce ke aikin. Ta farko takan ci amoniya ta mai da ita wani abu da ake kira naitirait. Shi ma guba ne, gama yakan shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, jinin ya koma launin ƙasa, a ga kifi yana haki ko da iska ta wadata a ruwan. Ƙungiya ta biyu takan ci naitirait ta mai da shi naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce, ciyawar ruwa tana shansa, sauran kuwa sai a rage shi ta hanyar sauya ruwa.

Ƙwayoyin nan a jikin abubuwa suke zama, a soson mataci da tsakuwa da bangon gilashi. Sabon akwati kusan ba su a cikinsa, ga su kuma da jinkirin haihuwa. Kafin su yi yawan da za su iya da ƙazantar kifi sai an yi mako 4 zuwa 6. Wanda ya zuba kifi shida a ranar farko ya tara masu ɓata ruwa tun masu gyara shi ba su zo ba. Wannan shi ne sirrin mutuwar kifi a sabon akwati. Ruwa ba ya tsami banza.

Kafa Akwati

Kuskure na farko shi ne ƙaramin mazubi. Ƙwaryar gilashin nan mai zagaye, mai tsukakken baki, ba ta dace da kifin zinariya ba, har majalisar birnin Rum ta ƙasar Italiya ta hana ajiye kifi a cikinta a shekarar 2005. Iska ta saman ruwa take shiga, saboda haka faɗi ya fi zurfi amfani; Sinawa ba su yi wauta ba da suka zaɓi kasko mai faɗin baki. Masu dunƙulallen jiki sukan kai tsawon santimita 15 zuwa 20, watau kusan taƙi guda. Dogayen nan masu wutsiya ɗaya kuwa sukan kai 30, su ƙaramin tafki na siminti a tsakar gida ya fi cancanta da su. Shawarar da masu kiwo suka fi bayarwa ita ce kimanin lita 75 ga kifi na farko, watau jarka uku masu cin lita 25, sa'an nan lita 40 ga kowane da aka ƙara. Maganar da ake yi cewa kifin yakan tsaya daidai girman mazubinsa, wannan tsumburewa ce irin ta yaron da bai sami kulawa ba.

A tuna ruwa yana da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, akwati mai lita 100 ya fi buhu biyu na siminti in an haɗa da gilashi da tsakuwa. A ɗora shi bisa tebur mai ƙarfi wanda bai karkata ba, a wurin da rana ba ta bugawa, gama rana tana zafafa ruwa ta kuma haifar da gansakuka. A wanke akwatin da ruwa zalla, kada sabulu ya taɓa shi. A wanke tsakuwar har ruwanta ya washe. Ta zama ko yashi mai laushi ko duwatsun da suka fi bakin kifi girma, domin shi mai tsince-tsince ne a ƙasa, wata takan maƙale masa a baki. A sa mataci mai soso da injin hura iska, su yi aiki dare da rana.

Sai zancen ruwan da za a zuba. Ruwan famfo hukuma tana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutum, halaka ce ga kifi da ƙwayoyin nan masu gyara masa ruwa. In an bar shi a buɗe kwana ɗaya ana hura masa iska kulorin yakan fita. Amma a wasu garuruwan ana sa wani irinsa da ake kira kuloramin, wanda ba ya fita da ajiya, sai da maganin ɗigawa da masu sayar da kifi suke da shi. Ruwan rijiyar burtsatse ba kulorin a cikinsa, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. A guji ruwan da ya gangaro daga rufin kwano ko ya daɗe a bokitin ƙarfe, gama tutiya da tagulla guba ne ga kifi. A ware bokitin roba guda ɗaya domin wannan aiki kaɗai.

In an cika akwati sai a yi haƙuri, kada a sa kifi. A riƙa jefa ɗan abincin kifi kowace rana, gwargwadon abin da yatsu biyu suka tsinta, ya ruɓe a ciki ya zama abincin ƙwayoyin nan. Akwai kayan awo da ake sayarwa, ana ɗiga magani a ɗan ruwan akwati launinsa ya nuna abin da ke ciki. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Ranar da su biyun suka koma sifiri, naitiret kuma ya bayyana, to, akwati ya nuna. Mai son rage jira ya roƙi guntun tsohon soso daga akwatin wani wanda kifayensa ke lafiya, ya sa a matacinsa, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a madara don ta zama kindirmo.

Sa'an nan a sayo kifi ɗaya ko biyu, ba a ƙara wani sai bayan mako biyu. In an kawo shi a leda, a ɗora ledar a ɗaure bisa ruwan akwati kamar minti 20 har zafinsu ya daidaita, a kwance a riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan kaɗan, kana a kamo kifin da ƙaramar koma a sake shi, ruwan ledar kuwa a zubar. Wanda ya riga ya zuba kifi a sabon akwati kafin ya san wannan, mafitarsa ita ce ya rage abinci ƙwarai, ya riƙa sauya sulusin ruwan kowace rana ko bayan kwana ɗaya, har makonnin nan su wuce.

Zafi, Da Ɗaukewar Wuta, Da Maganin Sauro

Abubuwa uku ne suke wahalar da kifin nan a ƙasashen Hausa fiye da ƙasarsa ta asali. Na farko zafi. Shi kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, yakan ma rayu a tafkin da samansa ya daskare. Hunturu ba ya damunsa, bazara ce abin tsoro, sa'ad da zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya koma kimanin 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatar iska. Dabara ita ce a sa akwati a ɗaki mafi sanyi, a rage yawan kifi, a ƙara hura iska, a juyo fanka tana kaɗa saman ruwan, domin tashin tururi yana sanyaya ruwa kamar yadda yake sanyaya randa. Kada a jefa ƙanƙara a ciki, gama sauyin gaggawa yana jigata kifi. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi ya nemi kifayen ado na ƙasashen zafi, sun fi jure wannan yanayi.

Na biyu ɗaukewar wutar lantarki. In inji ya tsaya iska takan ragu, ƙwayoyin da ke cikin soso su ma iska suke bukata. Akwai ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir, ya kamata a tanade shi. In babu, a riƙa ɗiban ruwan akwati da moɗa ana kwararo shi daga sama a kai a kai, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo.

Na uku maganin sauro na feshi. Abin da ke cikinsa yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. In ba makawa sai an fesa a ɗakin, a kashe injin hura iska, a rufe akwati ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, ba a buɗewa sai ɗakin ya sha iska. Hakanan kada a tsoma hannu mai sabulu ko mai ko turare a cikin ruwan.

Abinci Da Sauya Ruwa

Kifin zinariya ba shi da tumbi irin na dabbobi, abinci hanji yake wucewa kai tsaye, shi ya sa kullum kamar mai jin yunwa yake, kashinsa kuma da yawa. Waɗanda ƙoshi ya kashe sun fi waɗanda yunwa ta kashe, gama abin da ya rage ruɓewa yake yi ya koma amoniya. A ba shi sau ɗaya ko sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2, a tsame sauran. Mutum ɗaya a gida za a ɗora wa ciyarwa, kada kowa ya zama mai bayarwa. Bayan abincinsa na kanti yana son ɗan dafaffen ganye ko dafaffen koren wake da aka ɓare aka murƙushe. Lafiyayyen babban kifi yakan yi mako ba abinci bai cutu ba, saboda haka mai tafiyar kwana uku bai bukatar cika akwati da abinci kafin ya tashi.

Kowane mako a zuƙe rubu'i ko sulusin ruwan da siririn tiyo, ana bin tsakuwa don a kwashe kashin da ya kwanta, a mayar da sabo wanda ya kwana, mai zafi daidai da na ciki. Ƙara ruwa a kan wanda ya ƙafe ba sauya ruwa ba ne, gama ruwa ne kaɗai yake tashi, ƙazanta tana nan. Kada kuma son tsabta ya sa a kwashe kifi a zubar da ruwa duka a goge akwati tas, wannan mai da shi sabo ne, a koma gidan jiya. Soson mataci in ya toshe a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka zuƙo, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ruwan da aka zuƙo kuwa a ba shukokin gida, taki ne a gare su.

Alamun Ciwo

Lafiyayyen kifi yakan buɗe fukafukansa, ya yi ta kai da komo yana tsince-tsince. In aka ga ya tsuke su, ko ya kwanta a ƙasa, ko yana haki a sama, ko jan jini ya fito a wutsiyarsa, a fara da auna ruwa da sauya sashensa kafin a nemi magani. Cutar da aka fi gani ita ce fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa a duwatsu. Wata ƙaramar halitta ce take shiga ƙarƙashin fatarsa, inda magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta rarrabu ɗaruruwa, su fito neman kifi. A wannan fitowar ce kaɗai magani yake kama su. Don haka ba a daina magani ranar da ɗigon ya ɓace, sai an ƙara kwanaki. Ana amfani da maganin kanti, ko gishiri zalla giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narkar a zuba sannu sannu. Mai dunƙulallen jiki kuma wani lokaci yakan kasa daidaita kansa, ya riƙa birkicewa. Sau da yawa a hana shi abinci kwana biyu, a ba shi koren wake, sai ya warware. Rigakafin da ya fi kowane shi ne, sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a mazubi na dabam kafin a haɗa shi da na gida.

Nasiha Ga Masu Sayarwa

Malaman fiƙihu sukan buga misalin cinikin garari da kifi a cikin ruwa da tsuntsu a sama, saboda mai saye bai san abin da zai samu ba, mai sayarwa kuma ba shi da ikon miƙawa. Kifin akwati ya fita daga wannan, gama ana ganinsa, ana iya kama shi. Abin da ya rage a kan ɗan kasuwa shi ne bayyana aibi da yin nasiha. Kada ya sayar daga akwatin da cuta ta bayyana a ciki. Ya gaya wa mai saye girman da kifin zai kai da shekarun da zai yi. Ya sayar masa da akwati yau, ya ce ya komo ɗaukar kifi bayan wata guda, ya haɗa masa da guntun tsohon soso. Cinikin rana ɗaya zai ragu, amma wanda kifinsa ya rayu shi zai yi shekaru yana dawowa sayen abinci, ya kuma kawo maƙwabcinsa. Wanda nasa ya mutu kuwa akwatin zai jefa bayan ɗaki, ya riƙa ambaton kantin da mugun suna. Mai safarar kifi daga gari zuwa gari ya hana shi abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan leda, ruwa ya zama sulusin leda, iska ta cika sauran, a kuma yi tafiya da sanyin safiya ko da dare.

Wanda ya gaji da kifinsa ya mayar wa mai kanti ko ya ba wanda zai iya, kada ya sake shi a kogi ko tafki yana zaton jinƙai ne. A kogin Vasse na yammacin Ostareliya an kama irinsa da suka kai kusan kilo 2, suna tona gindin ruwa, suna tumɓuke ciyayi, suna takura wa kifayen wurin.

Ajiye kifin ado ba farilla ba ce, ba sunna ba ce, wanda ya bar shi bai rasa kome ba. Amma wanda ya ɗauko rai ya kulle a gilashi ya ɗauki amana, za a kuwa tambaye shi. Mai niyya ya lissafa tun bai biya kuɗi ba: yana da wuri, yana da ruwa, yana da haƙurin mako 6, yana da wanda zai sauya ruwa kowane mako har shekara 10? In yana da su, to, ya ajiye, ya koya wa 'ya'yansa tausayin dabba da duban hikimar Mahalicci. In babu, kallo a kanti ya ishe shi.

Allah ya sa a dace, ya ba da ikon sauke haƙƙin duk abin da aka ba bawa kiwo, mai magana da marar magana. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.